Furanni a Cikin Ɗaki: Yadda Ake Yanke Su da Yadda Ake Tsawaita Kwanansu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure ko wani taron biki a Kafanchan, ko Kagoro, ko Zonkwa, ko Kwoi, zai ga cewa ba a raba teburin manyan baƙi da furanni. Amma idan ya matsa kusa ya taɓa su, sau da yawa sai ya tarar na roba ne da aka sayo a kasuwa. Abin mamaki shi ne, a bayan ɗakin taron akwai furanni na gaske birjik, suna buɗewa suna kaɗewa ba mai kula da su. Idan aka tambayi masu shirya wuri dalili, amsar ɗaya ce: furen gaske ba ya kwana, a yanke shi da safe, kafin la'asar ya yi yaushi ya sunkuyar da kai.

Akwai gaskiya a wannan magana, sai dai laifin ya fi rataya a kan yadda ake yankan da yadda ake ajiyewar. Furen da aka yanke bisa ƙa'ida yana iya yin kwana biyar zuwa mako guda a cikin ɗaki, wani ma ya zarce haka. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke kashe furen da aka yanke, da lokacin da ya dace a yanke shi, da irin ruwan da yake so, da wurin da ya kamata a ajiye shi. Da yake mu ɗaliban harshe ne, za mu fara da kalmomin da suka shafi batun.

Fure ko Fulawa?

Kalmar Hausa ta asali ita ce fure, jam'inta furanni. Akwai kuma huda, wadda ake amfani da ita idan bishiya ta fara fitar da fure, kamar a ce mangwaro ya yi huda. Toho kuwa sabon ganye ne da ke fitowa bayan bishiya ta kaɗe. Daga baya aka aro kalmar fulawa daga Ingilishi. A nan akwai abin lura ga mai nazarin aron kalmomi. Kalmomin Ingilishi guda biyu masu furuci iri ɗaya, ɗaya tana nufin fure, ɗaya tana nufin garin alkama, duk sun shigo Hausa da sura ɗaya, wato fulawa. Muhallin magana ne kaɗai ke bambanta su. Wanda ya ce ya sayo buhun fulawa, an san burodi ko cincin za a yi. Wanda ya ce yana ba fulawa ruwa, an san tsiron ado yake nufi.

Haka nan kuma kalmomin biyu sun raba aiki a bakin jama'a. Fure ya tsaya a kan na gona da na daji, kamar furen wake da furen kabewa da furen lalle. Fulawa kuwa ta kama tsiron da aka shuka domin ado kawai, ko da ma ba ya yin fure, har shingen ganye da ake askewa a ƙofar ofis fulawa ake ce masa. Mu da muka tashi a kudancin Kaduna, inda Hausa ke zaune tare da harsuna irin su Tyap da Jju da Hyam, kuma ita ce harshen kasuwa da na wa'azi, fulawa muka fi ji. Wannan ya nuna cewa al'adar shuka tsiro domin kallo da sanya fure a kwalba baƙuwa ce, ta zo tare da Turawan mulki da 'yan mishan, ta bi ta makarantu da majami'u da gidajen ma'aikata ta shiga gari.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san furanni ba. A shekarar 1916 wani likita mai suna J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, kuma a ciki akwai furanni masu kyau da sunayensu masu ban sha'awa. Akwai bado da ke kan tafki, da kariya mai jan fure da ake shukawa a bakin gida, da minjirya da gurjiya waɗanda ke yin ja wur da rani, da albasar kwaɗi mai farin fure da jan zane, da rumana, da gatarin kurege, da takalmin zomo. Yawancin waɗannan sunaye sun fara ɓacewa daga bakin matasa.

Kafanchan da Furanninta

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A shekarar 1927 ta zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya nufi Kaduna, da wanda ya hau zuwa Jos. Ma'aikata daga sassa daban-daban suka zo suka zauna, kowa da al'adarsa, ciki har da shuka fulawa a gaban gida. Yanayin ƙasar ya taimaka. Damina a nan takan fara tun watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan kuma ya fi na Zariya da Kano yawa nesa ba kusa ba. Duwatsun Kagoro suna tare hadari, ƙoramu suna gangarowa daga tudun Filato, ga kurmi a bakin rafuka irin na wajen Matsirga. Ƙasar da ta karɓi citta, wadda yankin ya yi suna da ita a duk Nijeriya, tana karɓar furanni iri-iri ba tare da wahala ba.

Furannin da mai karatu zai samu a yankin sun kasu gida biyu. Na farko su ne na lambu: wardi, wanda aka fi sani da ros, da furen rana, da ziniya, da marigol mai ruwan ɗorawa, da dangin alayyafo masu jan kai kamar zankon zakara, da dangin citta na ado masu jan kai, da helikoniya mai ganye kamar na ayaba. Na biyu su ne na daji waɗanda ke fitowa da kansu. Rumana tana cikinsu, kuma daga irinta na Afirka ne masu lambu a Turai suka haɗa auren da ya haifar da manyan furannin giladiyolas da ake sayarwa a duniya yau. Takalmin zomo kuwa, mai ganye huɗu shimfiɗe a ƙasa da fure rawaya a tsakiya, shi ne furen ƙasa na Nijeriya, wanda ke ƙarƙashin dawakan nan biyu a tambarin ƙasa, kodayake a tambarin an yi masa launin ja.

Ba kowane fure ne ya dace da kwalba ba, kuma sanin wannan shi ne matakin farko. Takalmin zomo ba shi da kara, kuma furensa ba ya daɗewa, saboda haka a bar shi a inda yake. Jan furen nan dangin yakuwa da kuɓewa da ake yin shinge da shi, kwana ɗaya yake yi ko yana jikin uwarsa, ko a ruwa ko ba a ruwa ba. Boganbiliya mai ƙaya tana da kyau a kan katanga, amma tana saurin yaushi idan an yanke ta. Waɗanda suka fi juriya su ne helikoniya da jar citta ta ado, sai rumana da furen rana da ziniya da marigol, sannan wardi idan an kula da shi.

Me Ke Kashe Furen da Aka Yanke?

Furen da aka yanke bai mutu ba. Yana numfashi, yana shan ruwa, yana cin abincin da ya tara. Abubuwa huɗu ne ke gaggauta mutuwarsa, kuma duk dabarun da za a kawo a gaba magani ne ga ɗaya daga cikinsu.

Na farko shi ne iska. A cikin kowane kara akwai siraran jijiyoyi da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye da fure. Ruwan da ke fita ta ƙananan ƙofofin ganye shi ne ke jawo na ƙasa ya hau, kamar yadda mutum ke zuƙar lemo da tsinken roba. Da zarar an yanke kara, jan bai tsaya ba, sai ya zuƙi iska maimakon ruwa. Iskar nan takan tsaya a bakin jijiyoyin ta toshe hanya, ta yadda ko an tsoma karan a ruwa daga baya, ruwan ba ya hawa yadda ya kamata.

Na biyu shi ne ƙwayoyin bakteriya. Ganyen da ya nutse a ruwa yakan ruɓe, ƙwayoyin su hayayyafa, ruwan ya yi kauri da wari, karan ya yi yauƙi. Wannan yauƙin yana like bakin jijiyoyin. Fure yana iya mutuwa da ƙishirwa alhali yana tsaye cikin ruwa, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu ƙwayoyin sun fi saurin yaɗuwa.

Na uku shi ne yunwa. Lokacin da fure ke jikin uwarsa, ganyaye suna samar masa da sukari ta hanyar hasken rana. Bayan yanka wannan hanya ta kusa tsayawa, sai ya dogara da ɗan guzurin da ke cikin karansa. Zafi yana sa ya cinye guzurin da sauri.

Na huɗu wata iska ce da ido ba ya gani, ana kiranta etilin. Ita ce 'ya'yan itace ke fitarwa idan suna nuna. Saboda ita ne masu sayar da ayaba ke rufe ɗanyarta wuri guda domin ta nuna da wuri. Abin da ke nunar da ayaba shi ne ke tsofar da fure, ya sa ya kaɗe. Hayaƙin janareta da na babur da na taba duk suna ɗauke da ita, haka ma furen da ya riga ya fara mutuwa.

Lokacin Yanka da Yadda Ake Yi

A yi sammako. Da sassafe, kafin rana ta ɗaga, tsiro ya kwana yana shan ruwa, karansa cike yake, ga sanyi. Idan safiya ba ta samu ba, a bari sai yamma lis. Yanka da tsakar rana asara ce, domin a lokacin tsiron da kansa yana fama da ƙishirwa. Idan da rani ne, a ba lambun ruwa da yamma kafin ranar yanka.

A tafi lambu da bokiti mai tsafta da ruwa a ciki. Kowane kara aka yanke a tsoma shi nan take, kada a tara su a hannu ko a ƙasa sai an gama. Wuƙar ko almakashin su kasance masu kaifi da tsafta. Dakusasshen almakashi yana murƙushe jijiyoyin, karyawa da hannu kuma ta fi shi ɓarna. A yanke karan a karkace, kamar yadda ake fiƙe alƙalamin kara. Hikimar ita ce bakin ya yi faɗi, kuma kada ya zauna daram a gindin kwalba ya toshe kansa. A bar wa uwar isasshen ganye domin ta sake yin wani furen.

Kowane fure da matakin da ya kamata a yanke shi. Wardi ana yanke shi yana dunƙule, lokacin da launinsa ya bayyana kuma ganyensa na waje ya fara saki. Idan an yanke shi yana ɗanye sharaf ba zai buɗe ba, idan kuma ya riga ya buɗe sarai to kwanansa ya ƙare a lambu. Rumana ana yanke ta idan fure ɗaya ko biyu na ƙasa sun nuna launi, sauran za su riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya a cikin ɗaki. A riƙe ta a tsaye, domin idan ta daɗe a kwance kanta yakan lanƙwashe ya dubi sama, kuma ba ya miƙewa. Furen rana ana yanke shi da zarar ganyensa masu ruwan ɗorawa sun fara ɗagowa daga fuskar. Ziniya kuwa sai ta buɗe sosai, domin ba ta ƙara buɗewa bayan yanka. Ana gwada ta da kama karan a girgiza: idan kan ya yi lilo ba ta isa ba, idan ya tsaya ƙyam ta isa. Helikoniya ma ba ta ƙara buɗewa, saboda haka a yanke ta a yadda ake son ganin ta.

Da an dawo gida, a shiga inuwa a cire duk ganyen da zai kasance ƙarƙashin ruwa. A sake yanke gindin kowane kara kamar santimita 2 zuwa 3, wato kimanin faɗin yatsu biyu, domin a zubar da wurin da iska ta shiga. Idan da hali a yi wannan yankan a cikin kwano mai ruwa. Daga nan a bar su cikin bokiti mai zurfi a wuri mai sanyi da duhu na tsawon awa uku ko huɗu, ko ma su kwana, kafin a jera su. Wannan hutun shi ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ke ba furen damar cika jikinsa da ruwa. Ke nan furen da za a yi ado da shi ranar Asabar, ranar Juma'a ya kamata a yanke shi.

Akwai tsirran da idan an yanke su sukan fitar da farin ruwa kamar nono, irin na tumfafiya da tinya. Wannan ruwa yana daskarewa ya toshe bakin kara, kuma yana ɓata wa sauran furanni ruwa. Maganinsa a naɗe kan furen da takarda saboda tururi, a tsoma gindin karan cikin tafasasshen ruwa na kimanin daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan a mayar da shi ruwan sanyi. Reshen bishiya mai tauri kuwa a ɗan tsaga gindinsa da wuƙa, kada a daka shi da dutse.

Kwalba da Ruwa

Ba sai an sayi kwalbar ado mai tsada ba. Kwalbar da aka gama amfani da ita, ko kofin gilashi, ko tulun ƙasa, duk suna aiki. Tulun ƙasa yana sanyaya ruwa, amma yana tsatsafo kuma yana da wuyar wankewa, saboda haka ya fi kyau a ɓoye kwalba ko roba a cikinsa. Haka za a yi da gora da ƙwarya da kwandon saƙa. A guji gwangwani mai tsatsa. Ƙa'idar tsafta ita ce, kwalbar da mutum ba zai yarda ya sha ruwa da ita ba, ba ta dace da fure ba. A wanke ta da sabulu, a ɗauraye sosai.

Ruwan ya kasance mai tsafta. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai kyau yana da kyau ƙwarai. Idan na rijiya ne mai laka, a bar shi ya kwanta a tace. Kamfanoni suna sayar da garin da ake kira abincin fure, amma abubuwa uku ne a cikinsa, kuma dukkansu suna samuwa a gida: sukari domin yunwa, da tsami domin ruwa ya fi saurin hawa kara, da maganin kashe ƙwayoyi. Ga yadda ake haɗawa. A sami ruwa lita 1, wato ledar fiya-wata biyu. A zuba sukari babban cokali 1, da ruwan lemun tsami babban cokali 2, a motsa. Sannan a zuba ruwan wanke fararen kaya, irin su Jik ko Hypo, rabin ƙaramin cokali, a sake motsawa. Kada a haɗa ruwan wankin da lemun tsami kai tsaye ba tare da ruwa ba, domin suna fitar da iska mai cutar da huhu. Kada kuma a zuba sukari shi kaɗai, domin ƙwayoyin cuta aka ciyar ke nan. Wanda ba shi da lemun tsami yana iya haɗa kashi ɗaya na farin lemon kwalba mai sukari, irin su Sprite ko 7Up, da kashi uku na ruwa, ya ɗiga ruwan wankin kaɗan.

Wasu sukan jefa ƙwayar asfirin ko tsabar kuɗi a cikin ruwan. Gwaje-gwaje ba su nuna wani tabbataccen amfani daga waɗannan ba. Abin da ya fi kowane haɗi tasiri shi ne canza ruwa. A canza shi duk bayan kwana biyu, da bazara kuwa kullum. Duk lokacin da aka canza, a wanke kwalbar, a ɗauraye karan, a ɗan rage gindinsa, a cire furen da ya mutu kafin ya shafa wa sauran. Kada a cusa furanni da yawa a kwalba mai ƙaramin baki har su matse juna.

Idan wardi ya sunkuyar da kai tun bai buɗe ba, alama ce ta toshewar jijiya. A sake yanke gindinsa a cikin ruwa, a kwantar da shi gaba ɗaya cikin baho mai ruwa mai ɗan ɗumi na kimanin awa guda. Sau da yawa yakan farfaɗo.

Wurin Ajiyewa

A nesanta kwalba daga tagar da rana ke shigowa, da murhu, da saman talabijin ko firji inda zafi ke tashi. Kada a sa ta daidai saitin fanka, domin iska mai kaɗawa tana busar da fure kamar yadda take busar da shanya. Kada a ajiye ta kusa da tiren ayaba ko mangwaro ko tumatir, ko kusa da ƙofar da hayaƙin janareta ke shigowa.

Kowane lokaci na shekara da matsalarsa. Da hunturu, lokacin da bukukuwan aure da na Kirsimeti suka fi yawa, har zuwa bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, akwai sanyin dare mai taimako, amma iskar a bushe take. A rufe tagar da ke fuskantar iska, a riƙa duba ruwa safe da yamma, a ɗan fesa wa helikoniya da dangin citta ruwa. Da bazara, wajen Maris da Afrilu, zafi ne abokin gaba, kuma kwanan fure yakan ragu ƙwarai, sai a zaɓi masu juriya. Da damina furanni sun wadata, amma wanda aka yanke a jiƙe aka cusa wuri guda yakan yi fumfuna, saboda haka a bar shi ya tsane.

Game da firji, wardi da rumana suna son sanyi, kuma kwana a firji yana ƙara musu kwanaki, muddin ba a haɗa su da 'ya'yan itace ba kuma ba a sa su a gidan ƙanƙara ba. Amma helikoniya da jar citta 'yan ƙasar zafi ne, sanyin firji yana baƙanta su. Inda babu wuta, a fitar da kwalba zuwa wuri mafi sanyi a gidan da dare, kamar kusa da randa.

Hattara

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Wasu furanni masu kyau dafi ne. Gatarin kurege yana da guba tun daga saiwa har fure, kariya ma an daɗe da sanin ruwanta a matsayin dafin kibiya, haka kuma oliyanda, wadda ake shukawa a bakin hanya da harabar makarantu. A nesanta su daga yara da dabbobi, a wanke hannu bayan taɓa su, a kiyaye ido daga farin ruwan tsiro, kuma kada a yi amfani da wuƙar girki wajen yanke su. Ruwan kwalba ma a zubar da shi inda kaji ba za su sha ba.

Abu na biyu shi ne sauro. Irin sauron da ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi yana son yin ƙwai a ruwan da ke zaune cikin mazubi a gida, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Kwalbar da aka manta da ita a kusurwar falo ko a gaban majami'a daga Lahadi zuwa Lahadi tana iya zama gidansa. Ƙwan yana manne wa jikin kwalba, saboda haka zubar da ruwa kaɗai bai isa ba, sai an goge cikinta.

Na uku, wanda ya shiga daji neman fure ya yanki kara ya bar saiwa da albasar tsiron a ƙasa, kuma kada ya kwashe duka, domin baɗi ma ana so a gani.

Fure a Matsayin Sana'a

A wasu ƙasashe fure babbar haja ce. A gefen tafkin Naibasha na ƙasar Kenya akwai manyan gonakin wardi, ana yanke shi a sanyaya, a ɗora a jirgin sama, cikin 'yan kwanaki ya isa kasuwar gwanjon furanni ta Alsmiya a ƙasar Holan, daga can ya bazu Turai. Habasha ma ta shiga wannan ciniki. Sirrin tafiyar bai wuce abubuwan da aka lissafa a sama ba: yanka a kan kari, da tsafta, da sanyi. A nan gida, Jos ce ta yi suna da furanni saboda sanyin tudunta, kuma daga can ake kai su Abuja da sauran birane.

Kudancin Kaduna yana tsakanin Jos da Abuja, yana da ruwa da ƙasa mai kyau. A shekarar 2023 wata cutar fumfuna ta afka wa gonakin citta a yankin, manoma da yawa suka tafka asara, abin da ya nuna haɗarin dogaro da amfanin gona guda. Ba a ce fure zai maye gurbin citta ba, amma ɗan fili a bayan gida da aka shuka ziniya da furen rana da helikoniya yana iya samar wa ɗalibi ko matar gida ɗan kuɗin shiga daga masu biki da otal-otal da ƙungiyoyin zumuntar mata masu ƙawata majami'u. Ziniya da marigol sukan fara fure cikin kimanin wata biyu da shuka, kuma yawan yanka yana sa su ƙara yin wani. Mai saye ba zai dawo ba sai furen da ya saya ya yi kwanaki, saboda haka mai sayarwa ya koya masa yadda zai kula da shi.

Kammalawa

A taƙaice, wanda ke son furensa ya daɗe ya yanke shi da sassafe da wuƙa mai kaifi, ya tsoma shi a ruwa nan take, ya cire ganyen ƙasa, ya sake yanke gindi, ya bar shi ya huta, ya zuba shi a kwalba mai tsafta, ya riƙa canza ruwa, ya kuma raba shi da rana da fanka da nunannun 'ya'yan itace. Mai shakka ya yanki furanni iri ɗaya ya raba su kwalba biyu, ya bi waɗannan matakai a ɗaya ya bar ɗayar haka nan, bayan kwana uku ya duba, domin gani ya kori ji.

Mu kuma ɗaliban Hausa akwai aikin da ke jiranmu. Yawancin furannin lambu ba su da sunan Hausa tsayayye, na dajin kuma sunayensu suna hannun tsofaffi da mafarauta da masu maganin gargajiya. Idan aka tafi hutu, kowa ya ɗauki littafi ya tambayi sunan furannin garinsu da Hausa da kuma harshen gida, ya rubuta lokacin da suke fitowa da abin da ake yi da su. Abin da aka tattara zai iya zama tushen kundin kammala karatu, ya kuma amfani masu haɗa ƙamus nan gaba.